Lissafin share fagen jami'a: Inda haddar tsofaffin tambayoyi ke tsayawa

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, daura da titin Ibrahim Taiwo a Kano, ya saro turmin atamfa a kan naira 20,000, ya ɗora ribar kashi 25 cikin ɗari, ya sa masa farashin 25,000. Sai ga ɗan'uwansa ya zo saye, maigida ya ce a bar masa a kuɗin sari. Idan yaron shago ya danna kalkuleta ya cire kashi 25 cikin ɗari daga 25,000, abin da zai gani shi ne 18,750. Maigida ya yi asarar naira 1,250 ke nan, alhali babu wanda ya cuce shi.

Duk wanda ya daɗe a Kwari ya san ba haka ake yi ba. Kashi 20 ake cirewa kafin a koma kan uwar kuɗi. Ya san hanyar tafiya daban, hanyar dawowa daban, ko da bai taɓa jin sunan abin a aji ba.

A aji, malaman lissafi suna kiran ƙa'idar da ke karɓar lamba ta fitar da wata lamba da sunan fankshan, hanyar dawowar kuma inbas. Darasin yana cikin manhajar zuzzurfan lissafi na WAEC, wato Further Mathematics, yana kuma cikin abin da ake fara koyarwa a lissafin share fagen shiga jami'a, ko na IJMB ne, ko JUPEB, ko na Cambridge. Yaran Fagge da Sabon Gari da ke son karanta injiniya ko kimiyyar kwamfuta ko ƙididdiga ba su da hanyar kauce masa.

Abin da yawancinsu suka dogara a kai shi ne tsofaffin tambayoyin jarrabawa, waɗanda suke kira fas kwashin. Ana sayar da su a shagunan littattafai na Sabon Gari, ana buga su wurin masu fotokwafi, ana kuma tura su a WhatsApp kyauta. Suna da amfani sosai. Sai dai yadda ake amfani da su, wato a haddace tambaya tare da amsarta, shi ne ya fara daina biyan buƙata, kuma abubuwan da suka faru a 2025 sun nuna dalili.

Shekarar da jarrabawa ta girgiza

A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta fitar da sakamakon da ya nuna sama da ɗalibai miliyan 1.5, daga cikin kusan miliyan 1.95 da suka zauna jarrabawar, ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Kano ba ta cikin wuraren da abin ya shafa, don haka makin da yaran Kano suka gani nasu ne.

A watan Agusta sai WAEC ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kacal suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta janye, ta ce an yi kuskure wajen makin takardar Turanci, ta mayar da adadin kashi 62.96. Ko da wannan gyara, sakamakon bai kai na 2024 ba, lokacin da aka samu kashi 72.12. Abin lura shi ne a shekarar ce hukumar ta shigo da tsarin cakuɗa tambayoyin zaɓi a lissafi da Turanci da nazarin halittu da tattalin arziki, ta yadda tambaya ta biyar a takardar wani ba ita ce ta biyar a takardar na kusa da shi ba. Wanda ya shiga da jerin A, C, B, D a tafin hannu ya sha mamaki.

A watan Oktoba kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman kwasa-kwasan adabi da makamantansu a jami'a. Hujjar ma'aikatar ita ce sama da mutum miliyan biyu ke zana JAMB duk shekara amma kimanin 700,000 ne ke samun gurbi. An yi ta murna a shafukan sada zumunta kamar an kori lissafi daga makaranta, har sai da ma'aikatar ta sake fitowa ta ce dole kowane ɗalibi ya yi rajistar darasin ya kuma zana shi a jarrabawar kammala sakandare. Ga masu neman kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa kuwa, babu abin da ya sauya.

Tsallake aji ɗaya

Ɗalibin da JAMB ta kayar, ko wanda ya ci amma bai samu kwas ɗin da yake so ba, yakan juya zuwa karatun share fage. Mafi shahara a Arewa shi ne IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ke kula da shi tun shekarun 1970. A Kano, kwalejin CAS da ke kan titin zuwa filin jirgin sama, ba nisa da Sabon Gari, ta daɗe da yin suna a kansa. JUPEB ya zo daga baya, a 2014, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. Masu hali kuma suna biya wa 'ya'yansu jarrabawar Cambridge ta Ingila.

Tsarin kusan iri ɗaya ne. Ɗalibi zai ɗauki darussa uku, ya yi karatun da bai cika wuce shekara guda ba, ya zana jarrabawa. A IJMB da JUPEB, A tana da maki biyar, B huɗu, har zuwa E mai maki ɗaya, sannan a ƙara maki ɗaya ga wanda bai faɗi ko ɗaya ba, jimla mafi girma 16. Wanda ya samu abin da jami'a ta gindaya zai sayi fom ɗin shiga kai-tsaye na JAMB, ya fara daga aji biyu.

Wannan tsallaken shi ne abin da ke jan hankalin iyaye, shi ne kuma abin da ya kamata ya ba su tsoro. Aji ɗaya a tsangayar kimiyya ko injiniya nan ne ake koyar da aljabara da kalkulas na farko. Wanda ya tsallake shi an ɗauka ya riga ya iya. Malamin aji biyu ba zai koma baya domin sa ba.

Akwai kuma waɗanda suka nemi tsallake karatun gaba ɗaya. JAMB ta ce ta gano takardun shaidar bogi 1,665 a rajistar shiga kai-tsaye ta 2023. Shugabanta ya ba da misali da Jami'ar Bayero, wadda ya ce ta tantance takardu 148 ta samu shida ne kawai na gaskiya. Tun daga nan hukumar ta tsaurara, sai cibiyar da ta bayar da takarda ta tabbatar da ita kafin a ba mutum gurbi. Ƙofar sayen sakamako ta ƙuntata, ƙofar satar amsa ma haka. Saura karatun.

Giɓin da ke tsakani

Kafin a koma tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, ɗalibi mai son jami'a yakan yi ƙarin shekara biyu bayan aji biyar na sakandare, ya zana HSC. Abin da ake koyarwa cikin shekara biyu a wancan lokaci shi ne ake ƙoƙarin cusawa cikin watanni a yau.

Da za a samu sauƙi da a ce ɗaliban sun yi Further Mathematics a sakandare, domin shi ne gadar. Manhajarsa ta ƙunshi fankshan da juyinsa, da kalkulas, da ƙididdiga, da lissafin ƙarfi da motsi. Amma darasin na zaɓi ne, kuma ba ya cikin sharuɗɗan shiga yawancin kwasa-kwasai, saboda haka makarantar da ba ta da malaminsa ba ta jin ta rasa komai. Yaro zai iya fita da B a lissafin gama-gari, ya zauna ajin IJMB a makon farko ya ga alamomin da bai taɓa gani ba.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1977 jihar ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, a 2025 kuma jihar ta zo ta ɗaya a NECO da ɗalibai sama da 68,000 da suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Abin a yaba ne. Amma adadin yawan kawuna ne a jihar da ke cikin waɗanda suka fi shigar da ɗalibai, kuma lissafin da ake nufi shi ne na gama-gari. Bai faɗi komai a kan yara nawa ne za su iya juya fankshan ba.

Menene inbas ɗin?

Ya kamata a tsaya a nan, domin darasin ya isa misali a kan dukkan matsalar.

Ɗauki ƙa'idar f(x) = 2x + 3. Ma'anarta: ninka lambar sau biyu, ka ƙara uku. Idan aka saka 1, za a samu 5. Juyinta, wanda ake rubutawa f⁻¹, aikinsa shi ne ya karɓi 5 ya dawo da 1. Yadda zai yi haka shi ne ya warware abin da aka yi, amma daga ƙarshe zuwa farko: a cire uku tukuna, sannan a raba biyu. Wato f⁻¹(x) = (x − 3)/2. Mai saka safa sannan takalmi, idan ya zo cirewa takalmin zai fara cirewa.

Ɗan Kwari yana yin wannan kullum. A ce ya saro kaya, ya biya ɗan dako 1,000, ya ɗora kashi 25 a kan jimlar, ya sayar 30,000. Nawa ya saro? Zai fara raba 30,000 da 1.25 ya samu 24,000, sannan ya cire kuɗin dako, saura 23,000. Idan ya fara cire dakon kafin ya raba, amsar za ta kauce. Haka yake ga harajin VAT na kashi 7.5: rasit mai 107,500 asalin kuɗinsa 100,000 ne, amma mai cire kashi 7.5 kai-tsaye zai samu 99,437.50.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai daga alamar yake fitowa. Tun a sakandare an koya wa yaro cewa 2⁻¹ na nufin ɗaya bisa biyu. Da ya ga f⁻¹(x) sai ya rubuta ɗaya bisa f(x). A misalin da ke sama, f⁻¹(5) shi ne 1, amma ɗaya bisa f(5) shi ne 1/13. Ba su da wata dangantaka. Maɓallin sin⁻¹ da ke kan kalkuleta ma haka yake rikita mutane: kusurwa yake dawo da ita.

Sai mataki na biyu, inda hadda ke fara gazawa. Ba kowace ƙa'ida ce ke da juyi ba. A ɗauka mai A Daidaita Sahu yana karɓar kuɗi ɗaya daga duk wanda ya hau tsakanin Bata da Wapa. Daga wurin da fasinja ya hau za a iya sanin abin da zai biya. Daga abin da ya biya ba za a iya sanin inda ya hau ba, tunda wurare da yawa sun haɗu a kan kuɗi ɗaya. Haka x² take: 3 na ba da 9, −3 ma na ba da 9. Idan aka miƙo 9 aka ce a koma, ina za a nufa? Sai an taƙaita lambobin da aka yarda a saka, a ce daga sifili zuwa sama kawai, sannan hanyar dawowa ta zama guda ɗaya.

Shi ya sa tambayar matakin share fage ba ta tsayawa a kan "nemo inbas". Takan zo kamar haka: f(x) = x² − 4x + 7, ga lambobin da suka kai 2 ko suka fi. Ɗalibi sai ya sake tsara ta zuwa (x − 2)² + 3, ya gane mafi ƙanƙantar abin da za ta fitar shi ne 3, ya juya ya samu 2 + √(x − 3), ya bayyana dalilin da ya sa ya ɗauki alamar tarawa ya bar ta ɗebewa, sannan ya faɗi cewa juyin yana karɓar lambobi ne daga 3 zuwa sama. Matakai biyar ke nan, kowanne da makinsa. Mai tsara jarrabawa zai iya sauya 4 zuwa 6, ko ya ce lambobin da ba su wuce 2 ba, sai alamar ta koma ta ɗebewa. Wanda ya haddace amsar bara zai rubuta ta da ƙwarin gwiwa, ya faɗi.

A zanen giraf abin ya fi sauƙin gani. Duk ɗigon da ke (1, 5) a kan f yana komawa (5, 1) a kan juyinta. Idan aka naɗe takardar a kan layin y = x, zanen biyu za su hau kan juna.

Dalilin da ya sa ake matsa wa wannan darasi shi ne rabin abin da ke gaba a kansa ya tsaya. Logaridim juyin ninkin lamba da kanta ne. Idan farashin buhun shinkafa na ƙaruwa da kashi 20 duk shekara, sanin farashinsa bayan shekara uku tafiya ce gaba. Sanin shekara nawa zai ɗauka kafin ya ninka dawowa ce, kuma logaridim ke ba da amsar: kaɗan ya rage ya cika shekara huɗu. Manyan rassan kalkulas guda biyu ma juyin juna ne. Ɗalibin da ya wuce inbas da hadda zai sake haɗuwa da shi a kowane zango, cikin sabuwar riga.

'Yan canjin Wapa, a nan cikin Fagge, su ne ma suka fi kowa sanin inda juyi ba ya cika. A ce mutum ya sayi riyal a kan 400, ya fasa tafiya ya dawo da ita aka karɓa a 390. Naira 400,000 ta tafi, 390,000 ta dawo. Sayen da sayarwar ba juyin juna ba ne, kuma a tazarar da ke tsakaninsu ɗan canji ke cin abinci.

Yadda ake cin moriyar tsohuwar takarda

Babu malamin kirki da zai hana ɗalibi tsofaffin tambayoyi. Su ne ke nuna yadda mai jarrabawa ke tunani, da irin Turancin da yake amfani da shi, da darussan da ba ya tsallakewa. Binciken masana ma ya goyi bayansu. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun nuna cewa wanda ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa.

Amma sharaɗin shi ne a rufe littafin. Yawancin littattafan fas kwashin na kasuwa suna ɗauke da amsa a ƙasan tambaya ko a bayan shafi, kuma abin da ɗalibi ke yi shi ne ya karanta tambaya, ya leƙa amsa, ya gyaɗa kai. Wannan karatu ne irin na jarida. Yana sa mutum ya ji kamar ya iya, domin komai ya zama sananne a idonsa, har ranar da za a ba shi farar takarda.

Wani binciken na 2007, na Doug Rohrer da Kelli Taylor, ya shafi lissafi kai-tsaye. Sun raba ɗalibai gida biyu: wasu suka yi atisaye iri-iri a jere, kowane nau'in tambaya shi kaɗai, wasu kuma aka cakuɗa musu. A lokacin atisayen 'yan rukunin farko ne suka fi ci. Bayan mako guda da aka yi gwaji, 'yan cakuɗe suka samu kashi 63, na farkon kashi 20. Dalilin a fili yake. Wanda aka jera wa tambayoyin inbas guda ashirin ya san hanyar tun kafin ya karanta tambaya. A zauren jarrabawa kuwa babu mai gaya masa wace hanya ce, kuma gano hanyar shi ne rabin aikin. Littattafan da ke tattara tambayoyi darasi-darasi suna da amfani a farkon koyo, amma wanda bai taɓa zama da cikakkiyar takardar shekara ɗaya ba, da agogo a gabansa, bai fara shiri ba tukuna.

Agogon ma ya bambanta. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai, kuma harafi kawai ake dannawa. A nan dabarar saka amsoshin zaɓi cikin tambaya don a ga wadda ta dace tana aiki. A takarda ta biyu ta Further Mathematics, ko a IJMB, da biro ake rubutawa, kuma mai maki yana bin layi-layi. Tsarin makin WAEC da na Cambridge ya ware makin hanya daban, makin amsa daban. Ɗalibin da ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a lissafin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Wanda ya rubuta amsa daidai ba tare da nuna yadda ya same ta ba yana iya tashi da kaɗan ko babu. Yaron da ya shekara biyu yana horar da kansa a kan danna A ko B yakan shigo ajin share fage da ɗabi'ar da za ta cutar da shi.

Akwai wata taska da ɗalibai kaɗan ke buɗewa. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu maki a shafinta na intanet, darasi-darasi, tambaya-tambaya, inda ake faɗin abin da aka nema da inda ɗalibai suka yi rauni. Cambridge ma tana fitar da irinsa tare da tsarin makinta. Kyauta ne ga mai waya da ɗan data. Ya fi littafin kasuwa aminci, domin littattafan da ake kwafa daga kwafi sukan zo da kurakuran bugu, alamar ɗebewa ta ɓace, ko ƙaramin 2 da ke saman x ya sauko ƙasa, amsar da ke baya kuma ta kasance ta wata tambayar. Ɗalibin da ba shi da hanyar tantance amsa da kansa sai ya haddace kuskuren.

A nan inbas yana da wata falala: yana tantance kansa. Idan an samu juyin, a ɗauki lamba a saka a ƙa'idar farko, a ɗauki abin da ya fito a saka a juyin. In lambar farko ta dawo, an yi daidai. A misalin da ya gabata, 5 na ba da 12, sannan 2 + √9 na dawo da 5. Daƙiƙa ashirin ya ci, kuma bai buƙaci bayan littafi ba.

Harshe da tarihi

Wani ɓangare na wahalar ba na lissafi ba ne. Yaron da ke taya mahaifinsa a shago ranar Asabar yana juya kashi cikin ɗari da ka, da Hausa, cikin hayaniyar kasuwa. Ranar Litinin sai a ba shi tunani iri ɗaya da Turanci da alamomi, ba tare da wanda zai ce masa abin da ka yi shekaranjiya ne ba. Malaman lesin da ke tsayawa su warware ma'anar da Hausa kafin su koma alamomin ba ragwanci suke koyarwa ba. Jarrabawar da Turanci za a rubuta ta, don haka dole a koma can, amma a koma da fahimta a hannu.

Kalmar aljabara kanta daga littafin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Jabru a Larabci ɗori ne, mayar da abin da ya karye mazauninsa, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. A ƙasar Hausa ma, Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Masu ce wa yara lissafi kayan Bature ne, ko kuma sai mai wata baiwa ta daban, ba su taimake su ba.

Abin da ya rage a hannun hukuma

Gwamnatin tarayya ta sanar da aniyarta ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Hakan zai ƙara rage satar amsa, amma yana da haɗarin ƙara tura makarantu da cibiyoyin lesin ga horon danna harafi, alhali abin da ke jiran ɗalibin kimiyya a gaba rubutun matakai ne. Cire sharaɗin lissafi ga 'yan adabi kuma, ko da yana da hujjarsa, zai iya sa shugaban makarantar da ke fama da ƙarancin malamai ya ga darasin ya rage daraja.

A matakin jiha, ma'aunin da ya fi kiredit biyar faɗin gaskiya shi ne makarantun gwamnati nawa ne a Fagge da Nasarawa da Dala ke da malamin Further Mathematics, kuma ɗalibai nawa suke shigarwa duk shekara, mata nawa ne a cikinsu. Gina ajujuwa ana ganinsa daga titi. Ɗaukar malamin da zai iya koyar da kalkulas, a kuma biya shi abin da zai hana shi komawa banki ko Abuja, ba a yanka masa ƙyalle.

Iyayen da ke shirin biyan kuɗin IJMB ko JUPEB su ma suna da tambayoyin da suka fi "kuna tabbatar da maki nawa?" amfani. Cibiyar tana cikin jerin waɗanda hukumar jarrabawar ta amince da su? Wa ke koyar da lissafi, kuma me ya karanta? Sau nawa a wata ake zaunar da ɗalibai su yi cikakkiyar takarda, kuma wa ke duba matakan da suka rubuta? Cibiyar da ta yi alƙawarin maki 13 tun kafin ta ga ɗalibin, ta riga ta faɗi irin hajar da take sayarwa.

Ɗalibin da ke son sanin inda ya tsaya kuwa zai iya gwada kansa da tambaya ɗaya, littafi a rufe: a nemo juyin f(x) = (3x + 1)/(x − 3). Idan ya bi matakan daidai, zai ga amsar ta fito (3x + 1)/(x − 3), wato ƙa'idar da ya fara da ita. Da yawa a nan suke soke aikinsu, su ɗauka sun yi kuskure. A saka 4, za a samu 13. A saka 13, za a samu 40 bisa 10, wato 4.